Gadon da Babu Mamaci a Cikinsa

Ko zan manta ranar da aka ɗaura mini aure, ba na jin zan manta ranar da na saka rigata ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce, na tafi jami'a da ƙafata don in hana ƴata koyar da karatun da ban san ko bihim a cikinsa ba. Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, waɗansu ma ni da kaina nake ba da labarinsu a majalisa don a yi dariya. Wannan kam, ko ni kaɗai na tuna ta sai na ji zufa ta keto mini ta ƙarƙashin hula.

Ni baduku ne ɗan baduku, a cikin Birni aka haife ni, nan Damagaram. Lekol kuwa, wato makarantar boko, leƙa ta kawai na yi. An sa ni, na koyi cewa uwa ita ce "mer", uba "per", ƴa mace "fiy", sai na ga bulalar mushe, wato malamin lekol, ta fi ta tsohona zafi, na gudo na koma wa fata da basilla. Sauran Faransancina a bakin ciniki na tsince shi, zamanin da nasara ke zuwa sayen jaka da takalmi. Kalma guda da ta zauna mini daram ita ce "eritaj", wato gado, don na sha jin ta a jastis, wato kotu, lokacin da dangin tsohona suka yi shari'a kan wani gida, shari'ar da ta raba zumunci har yau. Da wannan ɗan abin nake taƙama. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, in rediyo ya juya Faransanci ni ne tafinta. Abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in ƙera. Shi ya sa suka laƙaba mini Mushe, ni kuwa ina amsawa da fara'a, sai da na tsufa na gane tsiya ce ake yi mini.

Autata ita ta yi karatun da duk muka kasa. Ta karanta ordinater, wato kwamfuta, har ƙasar waje, ta dawo aka ɗauke ta koyarwa a jami'a, amma na gwaji: in manyan sashenta sun gamsu su tabbatar da ita, in ba su gamsu ba su sallame ta. Na taɓa tambayarta wai me take koyarwa. Ta ce tana koya wa yara yadda ake rubuta wa na'ura umarnin da za ta yi aiki da shi, da yadda ake adana bayanai a jere ta yadda duk abin da aka nema za a same shi. Na gyaɗa kai na ce, "Wi, wi," kamar wanda ya gane.

Yarinya ce mai ƙaramin jiki, cikin ɗalibanta kuwa har da masu gemu da suka girme ta. Farkon zuwanta sun gasa mata. Tana magana suna hira, wani ya ɗaga hannu ya ce "ƙanwarmu" maimakon Madam. Sai da ta ɗaure fuska wata da watanni, ta haɗiye dariyarta, kafin ɗakin ya fara yin tsit in ta shiga. Duk wannan na sani, don ni take gaya wa in ta dawo. Ku riƙe wannan, kada wani ya yi mini uzuri ya ce tsoho bai sani ba.

Tana da wata al'ada. Bayan la'asar sai ta jingina tsohon ƙyaure a katanga, ta ɗauki allinta, ta yi darasin gobe da ƙarfi a tsakar gida, kaji na kallonta. Ta yi da Faransanci, sannan ta warware da Hausa, don ta ce wani abin sai an faɗe shi da harshen gida yake shiga kan yaro. Har tambaya take yi wa kanta da muryar ɗalibi, ta amsa da tata. Ni ina ƙarƙashin rumfa ina ɗinki. Ba na fahimtar komai, amma tun da uwarta ta rasu, wannan muryar ce ke cika mini gidan.

Uwar tasu ta bar gona a Gouna, wadda ta gada a wajen mahaifinta, kuma ba a raba ba. Yayyen Auta maza, da ke neman abinci a nesa, sun fara bugo waya suna cewa, "Baba, sai yaushe?" Ni kuwa ina ta ja, don a raina in aka raba gonar nan, matar ta mutu ke nan da gaske. Ban gaya wa kowa haka ba. Maganar gado dai ta zame mini gyambo, ko iska ta taɓa sai na zabura.

To rannan ina ɗinka madaurin wani takalmi, sai na ji Auta ta ce "eritaj". Na tsaya. Ta sake cewa "eritaj", ta ce "kilas mer", ta ce "kilas fiy". Na ce a raina, gado, uwa, ƴa, ai duk na san su. Sai ta juya Hausa, tana nuna ƙyauren da alli:

"Duk abin da uwa take da shi, ƴa ta gaje shi kai tsaye. Ba sai an sake rubuta mata ba. In ta ga dama ta ƙara nata a kai, in ta ga dama ta sauya yadda uwar take yi."

Sai ta kumbura murya kamar ta namiji ta ce, "Madam, to uba fa?" Ta amsa wa kanta, "A nan babu ruwanmu da uba. Uwa ɗaya ake gada, shi ke nan."

Basilla ta zarce ta shige mini yatsa, ban ma ji ba sai da na ga jini a kan fatar mutane.

Tsakanina da ita bai fi taku kaɗan ba. Da na ce, "Auta, wane gado ne wannan?" da magana ta ƙare a nan, mu yi dariya, ta ɗaure mini yatsa. Amma yaya Mushe zai tambayi ma'anar Faransanci? Ban da haka kuma, tun da gaskiya na zauna faɗa, akwai wani shaiɗanin da ke cikina tun ƙuruciya mai son labari mai zafi. Yatsa na zogi, zuciya na tafasa, amma can ƙasa ina jin daɗin cewa yau majalisa tawa ce.

Bayan magariba na baje musu. Na ce a jami'a an fito da sabon rabon gado, na'ura ce za ta riƙa yi, ƴa mace ta kwashe duk abin da uwa ta bari, maza ko tsinke babu, uba kuwa an share shi kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Aka ɗau salati. Cikinmu akwai wani abokina tun na ƙuruciya, malami ne, shi ake kira rabon gado a unguwa. Bai yi salati ba, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mushe, ka tambaye ta?"

Na ce, "Me zan tambaya, Malam? Da harshe biyu na ji, kuma duk biyun nawa ne."

Ya ce, "Ɗaya dai naka ne."

Aka yi dariya, dariyar ta ƙara hura ni. Na rantse gobe sai ya raka ni ya ji da kunnensa. Ya yarda, daga baya ya gaya mini wai ya bi ni ne don ya riƙe mini riga in na zabura. Bai san rigar Juma'a santsi gare ta ba.

Da hantsi muka hau adaidaita. A ƙofa na gaya wa maigadi ni ne mahaifin Madam mai ordinater, har ya rusuna ya nuna mana ɗakin. Ɗaki ne babba, kujeru hawa-hawa, cike da yara maza da mata. Muka sulale ta ƙofar baya muka zauna. A can gaba, daga gefe, ga wani dattijo mai furfura da kwat, yana riƙe da alƙalami. Na zunguri Malam na ce, "Kalli wancan, har gashi ya yi fari bai ci jarrabawa ba."

Ga Auta a gaban allo. Ta zana akwatuna, ɗaya a sama, waɗansu a ƙasa, da kibau suna tashi daga na ƙasa zuwa na sama. Tana magana, ɗakin tsit, ba ka jin komai sai ƙarar alƙalami. Yarinyar da na goya a wuya zuwa kallon hawan sallah. Wallahi har na fara mantawa da abin da ya kawo ni, ƙirjina ya fara buɗewa. Da Allah ya so ni da rahama, da a nan na tsaya.

Sai ta buga allon ta ce, "Eritaj."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Malam ya cafki gefen rigata, ta zame daga hannunsa. Na ce, "Auta!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ita kuwa allin da ke hannunta ya karye, rabi ya faɗi ƙasa.

Na ce, "Auta, ki ji tsoron Allah! Gonar Gouna ba taki ba ce ke kaɗai. Kina da yayye maza, kina da uba. Abin da Allah ya raba, na'ura ba ta isa ta sake shi ba. Ga Malam nan na kawo, a buɗe littafi!" Sai na ga ya kamata in nuna musu ni ma ba baƙo ba ne a harshen. Na bugi ƙirji na ce, "Mwa, per! Per pa mor!" Wato ni ne uban, kuma uban bai mutu ba.

Sai wata yarinya ta tuntsire da dariya, daga nan kuma ginin ya ɗauka. Ana dukan teburi, wani ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Ni a zatona goyon baya ne. Na juya kan dattijon mai kwat na ce, "Kai kuma tsoho, da girmanka da furfurarka kana zaune ana koya maka haram kana rubutawa?"

Shugaban sashenta ne. Ranar ya zo ya ga yadda take koyarwa.

Auta ta durƙusa ta ɗauki guntun allin. Ta miƙe. Ta jira har dariyar ta lafa, sannan ta ce da Hausa, "Baba, sannu da zuwa. Malam, barka da hantsi. Baba, zan tambaye ka abu. In mai saye ya ce ka yi masa jaka, me da me dole ta kasance da su?"

Na ce, "Ina ruwan jaka da gona?"

Ta ce, "Ka amsa mini dai, don Allah."

Na ce, "Ciki, da baki, da marufi."

Ta goge akwatin sama ta rubuta. Ta ce, "Wannan ita ce uwa. To in ya ce gafaka yake so ta sa Alƙur'ani, sai ka koma ka sake koyon yadda ake yin ciki da baki?"

Na ce, "A'a mana. Ai tsarin jaka ne, sai dai in faɗaɗa ta, in ƙara mata igiyar ratayawa."

Ta rubuta a akwatin ƙasa, ta ja kibiya zuwa sama. Ta ce, "Gafaka ƴa ce, ta gaji jaka. Zabira ma ƴa ce, ta gaji jaka, sai dai ita an sauya mata marufi. Haka muke rubuta wa na'ura umarni. Abin da muka riga muka rubuta wa uwa ba ma sake rubuta shi, sai mu ce ƴa ta gada, mu ƙara abin da ya bambanta ta. Shi ne eritaj ɗin da ka ji, Baba. Shi ne uwar, shi ne ƴar."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane. Tas na gane, babu sauran lungu. Da ban gane ba, da na ci gaba da hayaniya na fita da ƙarfina. Ina tsaye, hannuna har yanzu a kan ƙirji, sai Malam ya jawo ni ƙasa ya raɗa mini, "Mushe, zauna. Wannan gadon babu mamaci a cikinsa."

Ban iya zama ba, ban iya tsayawa ba. Muka lallaɓa muka fita, a ƙofa har na taka rigar tawa na yi tuntuɓe. Maigadin ya sake rusunawa ya ce, "Baba, har an gama?" Malam ya ce masa, "An gama da shi dai."

Da yamma Auta ta dawo, ta gaishe ni, ta tuƙa tuwo ta ajiye mini. Na so ta yi faɗa, ta yi kuka, ta fasa kwano. Na yi ta gyaran murya ina neman ta inda zan fara, sai na ji kaina ina cewa miya ta yi daɗi.

Abin da ya biyo baya a bakin maigadin na ji shi, don shi ma ya zama mai sayen takalmi a wurina, ina jin don ya riƙa kallona ne. Shirun da ta yi watanni tana ginawa ya rushe a hantsi guda. In ta shiga ɗaki ta tarar an rubuta "Madam Auta" a allo. In ta juya baya za ta yi rubutu, wani daga can sama ya yi tari ya ce, "Per pa mor!" ɗaki ya ɗauka. In ta hana wani maki, ya ce zai kai ƙara wajen Baba. Shugaban sashen ya ce bayaninta na jaka ya yi kyau, amma ɗakin ya fi ƙarfinta tukuna. Ba a tabbatar da ita ba a shekarar, aka ƙara mata wata shekarar gwaji, abokan shigarta suka wuce suka bar ta. Sai da waɗancan ɗaliban suka gama suka tafi kafin ta sami kanta.

A majalisa kuwa an yi mini abin da ya dace da ni. In rediyo ya juya Faransanci sai kowa ya yi shiru ya dube ni, ni kuwa in duƙufa ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar a gida yake. Ƙyauren nan ta mayar da shi bayan ɗaki. Darasinta ta koma yi a ciki, ƙofa a rufe, da murya ƙasa-ƙasa. In yi ta kasa kunne daga rumfa, ba na jin komai sai kaji. Sai a lokacin na gane ba dariyar yara ce ta fi yi mata ciwo ba. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ubanta ya yarda har cikin ransa za ta iya cinye haƙƙin yayyenta, ya kuma zaɓi ya faɗa a gaban duniya maimakon ya tako taku kaɗan a tsakar gida.

Kafin damina na kira yayyenta. Muka ɗauki Malam muka tafi Gouna, aka auna gonar, aka ba kowa abin da Allah ya ba shi. Auta ta karɓi nata, ba ta ce a ƙara ba, ba ta kuma yi mini kawaicin cewa ta yafe ba. Ta tsaya a kan iyakarta ta daɗe tana kallon wani gawo da uwarta ta saba hutawa a ƙarƙashinsa. Ni na juya baya, na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Yanzu shekaru sun ja. Auta ta zama babba a wurin aikinta, yaran da ta koyar suna gaishe ni a kasuwa. Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Sanin kalma ba sanin magana ba ne. Kuma mutumin da kake cin tuwo daga hannunsa, in ka ji abin da ya tayar maka da hankali game da shi, shi za ka fara tambaya kafin majalisa, ko da tambayar za ta tona cewa ba ka san komai ba. Tonon asirin da na guje wa a gaban kaji, shi na je na sha a gaban jami'a guda.

Saura abu ɗaya. A hanyarmu ta dawowa daga Gouna rannan, muna matse a bayan mota, ni da ita a gefe guda. Na ga shirun ya yi tsawo, sai halin ya motsa, na ce bari in gwada wasa ko ƙofa za ta buɗe. Na ce, "Auta, wai har yanzu a karatun naku ba a gadon uba?"

Ta daɗe tana kallon gonaki ta taga. Har na cire rai, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Akwai inda ake gadon biyu, Baba. Muna dai gargaɗin yara a kansa, don rikici yake kawowa." Ta gyara mayafinta. "Ka gode wa Allah haƙurin Inna na gada. Da bakinka na gada, ranar nan ban san wanda zai fita daga ɗakin nan da hularsa ba."

Malam yana gaba, na ga kafaɗunsa na girgiza don dariya.